Gwaji Na Goma Sha Bakwai

A asibitin kowa Mai Haƙori yake ce masa, ko da yake bai taɓa cire wa kowa haƙori ba. Ɗakinsa na can baya, kusa da wurin wanki, inda ya shekara talatin yana haɗa wa tsofaffi haƙoran roba. Shi ba likita ba ne, kuma likitocin ba sa barinsa ya manta da hakan.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne 'yar shimfiɗar nan mai laushi da ake manna wa haƙoran daga ciki don kada su ci dasashi. Wata uku ba ta cikawa sai ta ƙandare, ta yi fumfuna, tsoho ya dawo baki duk gyambo. Da mahaifiyarsa ta rasa haƙoranta, sai ya ɗaura niyyar gyara abin. Ya jera kwalabe a taga: man kwakwa, man zaitun, man riɗi, man kanumfari. Yana ɗiga su cikin haɗin, yana rubutawa a wani littafi mai baƙin bango. Matarsa kan ce shi kaɗai ne mijin da ke dawowa daga asibiti yana ƙamshin kicin.

Inna ce wurin gwajinsa. Duk sabon haɗi, bakinta ake fara kai wa.

"Inna, ya kika ji shi?"

"Laushi kamar auduga. Allah ya yi maka albarka."

Ya rubuta. Bayan wata uku shimfiɗar ta taurare, ya sake wani haɗin. Amma na goma sha bakwai, mai ɗigo huɗu na man kanumfari, shekara biyu cur bai taurare ba, ko ɗigon fumfuna babu. Mai Haƙori ya fara tafiya da ƙirji a gaba. Har babban likita ya yarda ya ba shi minti goma a taron ma'aikata ranar Laraba.

Ranar Talata da hantsi ya biya gidan Inna ba tare da ya aika ba, don ya ari haƙoran. Ya tarar da ita baki a lotse, tana tsoma burodi a shayi. Ƙanwarsa ce ta ɗauko haƙoran daga ƙasan akwati, cikin kwalbar ruwa, an naɗe ta da kallabi.

"Yaya, ai sai za ka zo take sawa. Tun bara waccan ta ce ta gaji."

Ya zauna a bakin gado. Ashe haɗin da zai kai gaban likitoci bai taɓa haɗuwa da ko loma ɗaya ba. Kunya ta kama shi, amma ba ita ta fi cin ransa ba. Sai yanzu ya lura da yadda wuyan Inna ya zurma.

"Kada ka saurari yarinyar nan," in ji Inna. "Adana maka nake yi. Wa zai ɓata aikin shekara da shekaru da tauna?"

Ya fita ya sayo nama, ƙanwar ta dafa shi lugub. Ya wanke haƙoran da kansa, ya sa mata. Inna ta ɗauki tsoka ɗaya ta ciza. Ya ga ta runtse ido, hannunta ya damƙe zanin gado, ƙwalla ta taru mata.

"Inna, ya kika ji shi?"

Ta haɗiye da ƙyar, ta yi masa murmushi da haƙoran da ya haɗa.

"Laushi kamar auduga."

Littafin na cikin aljihunsa. Bai buƙaci buɗewa ba, ya san abin da ke rubuce a ƙasan shafi goma sha bakwai ɗin nan duka.