Kwalbar da Ya Kaltum Ta Kawo

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a Maiduguri, teburina na kallon tagar Malam Madu, mai ɗakin gwaji. Siririn mutum ne mai shegen tsantseni, ko shayi sai ya ɗaga kofin ya duba kafin ya kurɓa. Aikinsa duba bayan gidan mutane. Mukan tsokane shi cewa duk garin babu wanda ya san cikin Barebari kamarsa. Sai ya yi murmushi ya ci gaba da ƙona bakin siririyar wayarsa ta ƙarfe a wuta.

Da wayar nan yake ɗibar ɗan kaɗan, ya shafa a faranti mai wani jan abu kamar daskararren kunu, ya sa a akwatin ɗumi ya kwana. Idan ɗigo-ɗigon da suka tsiro sun yi ruwan hoda, 'yan gida ne, kowa na da su a hanji. Idan sun fito fari-fari, to akwai magana. Sai ya rina su a gilashi, ya ga 'yan jajayen sanduna a madubi, ya dasa su a kwalaben sukari ya ga wanne suka ci, wanne suka ƙi. Kwana uku cur, ko uban wa ke kwance. Shekarar da 'yan Boko Haram suka kayar da turakun lantarki, da batirin mota ya riƙa ɗuma akwatin, bai fasa ko rana ɗaya ba. Abu guda ne ba ya yi: ba ya tambaya. Tagarsa ƙarama ce, hannu kawai yake gani da kwalba.

A shekarar ne Ya Kaltum ta zo. Tsohuwa ce 'yar Konduga, tana zaune a sansanin 'yan gudun hijira da jikoki biyu, Rahmat da Rashida, su kaɗai suka rage mata. Rahmat, 'yar shekara huɗu, atuni take yi, jini da majina. Likita Thomas ya ba ta magani, bai kama ta ba. Ya ce a yi gwaji a gano maganin da zai ci ƙwayar. Gado babu, sai suka koma sansani. Ni na miƙa wa tsohuwar kwalba na ce ta kawo bayan gidan yarinya. Ban ƙara kalma ɗaya ba, don layi ya kai bakin titi. Har yau ina jin haushin bakina.

Washegari kwalba ta iso. Madu ya ɗaga ta ya ce, shi kaɗai, wannan bai yi kama da na mai ciwo ba. Ya ɗaga kafaɗa, ya shafa a faranti. Faranti ya fito ruwan hoda tas. Ya sake, ya rina, ya dasa, komai daidai, ya rubuta cewa babu ƙwayar cuta. Likita ya karanta ya ce a ci gaba da maganin farko, a ƙara ruwan gishiri da sukari. Rahmat ta rasu ranar Laraba.

Bayan kwana takwas tsohuwar ta dawo da wata kwalbar. Wannan karon ta sunkuya har sai da ta ga fuskar Madu ta tagar.

"Likita, yanzu Rashida ce. Ita ma ba ta yin kashi, sai wannan jinin. Babu kuma wadda zan ɗebo nata. Ka yi haƙuri da shi haka."

Madu ya ajiye wayarsa. "Iya, wancan na farkon na wa ne?"

"Na Rashida mana. Rahmat ba abin da take fitarwa sai majina, yaya zan kawo wa babban mutum majina? Ai kwano ɗaya suke ci, randa ɗaya suke sha. Abin da ke cikin wannan shi ne a cikin waccan."

Ban taɓa ganin Madu ya zauna a ƙasa ba sai ranar.

Farantin Rashida ya fito fari-fari. Kwalaben sukari suka nuna ƙwayar atuni ce mai suna Shigella. Ya shafa ta a wani farantin, ya jera mata magunguna iri-iri: ta tsiro har kan wanda aka ba Rahmat, ko a jikinta, ta kuma kauce wa wani can nesa. Wancan ɗin yana nan a kantar kemis ɗinmu, kwali-kwali, ƙura ta rufe shi. Taku goma ne daga inda Rahmat ta zauna a kan benci. Rashida ta sha, kwana biyar ta tashi tana neman gyaɗa.

Ya Kaltum ta zo godiya da ƙullin kuɓewa busasshiya. Ta sa wa Madu albarka da Barbarci, ta sake da Hausa. Har ta juya, sai ta tsaya. Tsohuwa ce, amma ba wawiya ba ce, kuma ta yi kwanaki tana juya abin a ranta.

"Ɗana, in tambaye ka. Da majinar Rahmat na kawo maka, da ka ga abin?"

Ya dube ni. Ni kuwa na sa ido a kan takardun da ke gabana, don ni ma da nawa a ciki.

"A'a, Iya," in ji shi. "Da ban ga komai ba. Kwananta ne ya ƙare."

Ta ce alhamdu lillahi, ta gyara goyon Rashida, ta fita tana tafiya da sauƙi fiye da yadda ta shigo. Shi kuwa ya rufe tagar da rana tsaka, mutum bakwai na tsaye da kwalabensu a hannu.