Kwalbar da Inna Ta Cika

Rijiyar gidanmu a Koki mahaifina ne ya haƙa ta, ya kuma hana a sa mata kwaɗo. Kowa ya zo da guga ya ɗiba. Bayan rasuwarsa Inna ta riƙe ta kamar amanar maraya, don ita ce sadakarsa mai gudana.

Wata shekara wata malama daga jami'a ta riƙa bin gidaje tana karɓar ruwa don gwaji. Ta ce akwai sinadarin da masu jimar zamani ke jiƙa fata da shi, kuromiyam, in ya tsuma cikin ƙasa yakan kai rijiya, kuma ido ba ya ganinsa. A bayan layinmu kuwa wani ya daɗe yana jimar fata a kango. Ta bar kwalba, ta ce a cika mata kafin ta dawo daga unguwar Kabara.

Ita fa Inna, ba a ba baƙo ruwan guga a gidanta. Ta wuce rijiya, ta buɗe randar baƙi, wadda ake cikawa da ruwan famfo, ta cika kwalba fal.

Sakamako ya fito lafiya lau. Har na yi wa maƙwabta albishir. Inna ce ta kasa cin tuwo.

"Ke," ta ce da ni, "wai ashe ba sha za ta yi ba?"

"Inna, me kika zuba mata?"

"Yo, 'yar mutane ta zo har gida, in ba ta ruwan da bai kwanta ba?"

Na kira malamar, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Dariya kawai ta yi. Washegari ta dawo, ta naɗe hannun riga.

"Hajiya, yau ni ba baƙuwa ba ce," in ji ta, ta zura guga da kanta.

Wannan karon sinadarin ya wuce kima. Na tanadi hujjoji don na san Inna da gardama, sai ga shi ta aika a kira kafinta ya yi wa rijiyar murfi.

"Lada babanki ya haƙa ta ya samu," ta ce. "Ba zan bari a riƙa kai masa alhakin 'ya'yan mutane kabari ba."

Har gobe ina gode wa malamar nan da ba ta ji ƙyashin dawowa ba, ina gode wa Allah da ya ba ni uwar da kwalba ɗaya ta hana ta cin abinci. Kwaɗon da Baba ya hana, Inna ce ta danna shi da hannunta, tana kuka.