Kabon ɗin Baba

Lokacin da aka ƙirƙiro jiha aka ce Dutse ce babban birni, ina gidanmu a Buji, takardar shaidar koyon tafireta na ƙasan akwatina ba ta tsinana min komai ba. Kawuna ne ya ji ana neman masu buga takardu, ya sa ni a mota. Ofishin da aka kai ni gidan haya ne, falon shi ne ɗakin buga takardu, tafireta huɗu a kan tebura, kajin maƙwabta na leƙowa ta ƙofar baya. Yawancin ma'aikatan daga Kano aka kwaso su, ranar Juma'a kafin a sauko daga masallaci rabinsu sun kama hanya, a bar mu da kujeru.

Shugaban ɗakinmu wani dattijo ne siriri mai furfura a gemu. Kowa Baba yake ce masa, har darakta. Ba ya kallon madannai in yana aiki. Idonsa na kan rubutun da aka ba shi, yatsunsa na gudu, ƙararrawar ƙarshen layi ta kaɗa, hannun hagunsa ya tura kan tafiretar ya dawo farko. Ranar da na fara aiki ya ga ina tsintar haruffa da yatsa biyu kamar kaza a kan tsaba, sai ya ɗauko hankici ya rufe min hannuwa, ya ce haka zan yi ta bugawa har yatsuna su san gida. Na ji haushinsa ƙwarai, har na yi kuka a banɗaki. Bayan 'yan watanni ni ce ta biyu a sauri a ɗakin, kuma ban taɓa ce masa na gode ba, don ina da taurin kai tun ina yarinya.

Baba yana da doka ɗaya da ba a karya ta. Ba a buga wasiƙa sai da kabon. Ka haɗa farar takarda biyu, ka sa baƙar takardar kabon a tsakani, ta sama ta tafi inda aka aike ta, ta ƙasa ta shiga fayil. Ko takardar neman hutu ce, in ka miƙa masa sai ya tambaye ka ina kabon ɗinta. In babu, ka koma ka sake. Yakan ce wasiƙar da ba ta da kabon magana ce aka yi wa iska. Muna yi masa dariya a bayan ido, amma duk sanda wata ma'aikata ta ce ba ta ga takardarmu ba, wurinsa ake zuwa.

Wajen lokacin da aka fara maganar shari'a ne aka kawo mana kwamfuta, mun riga mun koma sabon gini. Guda uku ne, aka jera su a wani ɗaki, aka lulluɓe su da zanen tebur mai ado, aka kulle. Sun fi shekara a haka. Babu wanda ya iya, kuma babu wanda yake son a ce a hannunsa ta lalace. In an matsu da takarda mai kyau sai a kai shagon wani mutum a cikin gari a biya shi ya buga, alhali ga namu suna barci a ƙarƙashin zane.

Sai takarda ta fito daga sama. Za a horar da duk masu buga takardu na wasu makonni, a yi jarrabawa. Wanda ya ci ya riƙe kujerarsa, wanda ya faɗi a mayar da shi sito ko wajen rajistar baƙi. Baba da kansa ya buga mana kwafin takardar, da kabon ɗinta. Saura masa shekara biyu ya yi ritaya. Samarin ofis suka fara raɗa cewa karen bana shi ke maganin zomon bana.

A ajin horon mata muna gefe guda, maza na ɗaya gefen, hanya a tsakani. Mai koyar da mu saurayi ne da bai kai ɗan Baba na fari ba, amma Baba bai taɓa kiransa da komai ba sai Malam. Daga inda nake zaune ina hango shi. Yana dukan madannan nan da ƙarfin da ya saba, har Malam ya zo ya roƙe shi ya sassauta. In ya kai ƙarshen layi sai hannun hagunsa ya tashi da kansa ya mari iska, yana neman abin turawa babu. Aka yi ta dariya, ni ma na yi, Allah ya yafe min.

Abin da ya fi ba shi wuya shi ne sebin, wato adana aikin a cikin na'urar. Malam ya faɗa ya maimaita, amma mutumin da ya shekara talatin yana ganin duk harafin da ya buga ya zauna a takarda, ta ina zai yarda cewa abin da yake gani da idonsa a gilashin kwamfuta bai zauna ba? Wata rana ya cika shafi biyu babu kuskure ko ɗaya, aka ɗauke wuta, aka dawo da ita, gilashin ya fito fayau. Ya daɗe yana kallonsa. Ya tambayi Malam ina aikin ya tafi, Malam ya ce babu inda ya tafi, kawai babu shi. Baba ya ɗauki hularsa ya fita. Washegari bai zo ba, haka jibi.

Ranar Asabar na shirya na tafi gidansa a Yalwawa. Na gaisa da matarsa, ta shimfiɗa min tabarma a tsakar gida, ta kira shi. Na fara da cewa gemu ba ya hana ilimi, ya ce ya san wannan tun ba a haife ni ba. Ya ce ba dariyar yara ce ta dame shi ba, shi dai ba zai iya aiki da abin da ba shi da amana ba. Sannan ya dubi hannuwansa.

"Da yatsun nan na shigo aikin gwamnati, 'yar nan," ya ce. "Da su nake so in fita. Ba na son jikokina su ce kakansu mai ƙirga tsintsiya ne a sito."

Ban shirya abin da na faɗa ba, zuwa ya yi. Na ce, "Baba, laifinka ne ai. Wasiƙa ka buga ba kabon. Abin da ke gilashi ita ce ta sama, wadda ke tafiya. In ka yi sebin, ka sa ta ƙasa a fayil ke nan."

Ya kalle ni kamar na zage shi. Can sai ya tambaya ko ana iya sa kabon ɗin tun ba a gama wasiƙar ba. Na ce ko bayan kowane layi ya ga dama. Ya ce to me ya hana Malam ya faɗi haka tun farko.

Ya dawo aji ranar Litinin. Hannun hagun nan da ke marin iska ya samo masa aiki: duk inda da zai tura kan tafireta, yanzu sai ya danna madannai biyu da ake yin sebin da su. Ƙarshen kowane layi, ba fashi. Samarin suka samu sabon abin dariya, wai Baba zai cika cikin kwamfutar da sebin. Bai kula su ba. Sauran abubuwan ya koye su da ƙyar, musamman sarrafa linzamin kwamfuta, wato maus, wanda yake riƙewa kamar yana tsoron ya cije shi, amma ya koya.

Ranar jarrabawa aka ba mu doguwar wasiƙa mai jadawali a ciki, aka ce minti arba'in. Ni hankalina rabi yana kan aikina, rabi yana tsallaken hanya wajen Baba, ina duba ko jadawalin zai kayar da shi. Ina cikin layin ƙarshe aka ɗauke wuta. Sai salati daga nan da can. Kafin a tada janareta an ci minti biyar, kuma masu kula da jarrabawar suka ce ba za a ƙara ko minti ɗaya ba, ai an koya mana.

Na kunna tawa. Babu komai. Ni da na je har Yalwawa na yi wa'azi, ban yi sebin ko sau ɗaya ba. Na ɗaga kai, ga ta Baba ta dawo da wasiƙarsa cif, rabin layi kawai ya rasa. Ya ƙarasa, ya gyara zaman hularsa, sannan ya juyo ya hango gilashina fari fat. Bai ɗaga murya ba, amma duk ɗakin an ji.

"'Yar nan, ina kabon ɗinki?"

Kunya ta kama ni. Saura minti goma sha wani abu. Na kafa ido a kan takardar tambaya, na saki yatsuna, ban kalli madannai ko sau ɗaya ba, kamar dai hankicin nan na kan hannuwana. Na gama ana cewa a tsaya. Da ƙyar na tsallake, shi kuwa sunansa na cikin na sama.

Ya riƙe kujerarsa. Da aka ɗauko sababbin ma'aikata masu takardar kwamfuta, sai aka ga sun san na'ura amma da yatsa biyu suke bugawa, kuma ba su san yadda ake tsara wasiƙar ofis ba. Aka tura su wurin Baba, hankici ya dawo aiki. Ni kuma aka ba ni masu tsoron taɓa na'urar, na fara musu da labarin kabon.

Ranar da ya yi ritaya shi ya buga takardar sallamarsa da kansa a kwamfuta, ya fitar da biyu, ya miƙa min ɗaya in sa a fayil. A nan na ce masa na gode, bayan shekara goma da wani abu. Ya ɗaga yatsunsa goma ya nuna min, ya ce alhamdu lillahi, da su ya fita.