Taken Sule Ya Ƙi Kwanciya

Ciɗo mai gangar noma ba kowa ba ne a wajen Affala, amma a cikinta, in damina ta sauka, ko maigari sai ya sassauta murya in zai yi masa magana. Gajere ne, ga baki, ga son a yabe shi kamar me. In an yi gayya shi ke bin bayan manoma da gangar da ya gada wurin kakansa, kowane ƙato da takensa, wato kiɗan da in ya ji ya san da shi ake. Da kaka kuwa kowa ya aiko masa da damin hatsi. Haka ya ci da iyalinsa shekara talatin, bai taɓa wuni da hauya a hannu ba.

Duk cikin taken nan babu kamar na Sule, sarkin noman garin. Tare suka tashi, kuma Ciɗo ya zuba duk gwanintarsa a kiɗan abokinsa. In ya buga sai ya ɗora murya a kai: Sule na Habsatu, tashi rana ta yi, gona tana jiranka. Habsatu matar Sule takan ce kunya take ji in an ambace ta. Ƙarya take, daɗi take ji, kowa ya sani.

Mutanen garin suna da al'adarsu a kan take. In manomi ya rasu, bayan sadakar bakwai, makaɗi zai je bakin gonarsa ya buga takensa sau ɗaya a gaban dattawa, shi ke nan an kwantar da taken. Ba a ƙara bugawa har abada. Wanda ya kira mamaci zuwa gona ya ci mutuncin iyalinsa, kuma babu manomin da zai sake yarda wannan hannun ya buga masa nasa.

Shekara uku bayan samun mulkin kai, Ciɗo ya je kasuwar Tawa ran Lahadi sayen fata. Nan wani ɗan kasuwa mai sai da yadi, Alhaji Ahmed, ya kira shi cikin rumfarsa ya nuna masa wani akwati mai ɗaukar murya. Ya ce ya ji labarinsa, yana son ya buga masa taken da ya fi kowanne. An taɓo Ciɗo inda yake masa ƙaiƙayi. Aka samo ganga, ya gyara tsayuwa ya saki taken Sule, har masu sayen gishiri suka bar ciniki suka taru. Da aka mayar masa da muryarsa ya yi dariya har da hawaye. Alhaji ya ba shi riga mai aiki da kan sukari biyu, ya koma gida yana taƙama ya cuci Alhaji, don ya sayar masa da iska. A ganinsa take ba ya fita sai da ganga da hannun mai ita. Rashin sani ya fi dare duhu.

Bayan damina biyu ciwon ciki ya kayar da Sule, kwana huɗu ya cika. Ciɗo ya je bakin gona ya kwantar da taken yana kuka kamar mace, dattawa suka shaida.

Da Habsatu ta fita takaba sai ta bi mata zuwa Tawa sai da wake. Tana cikin awo ta ji ana kiran mijinta da sunanta, ana cewa ya tashi rana ta yi. Ƙwaryar ta suɓuce mata. Ta kutsa cikin mutane tana neman Ciɗo don ta tsine masa ido da ido, ba ta tarar da kowa ba sai wani baƙin faifai yana juyawa a kan garmaho a rumfar mai yadi, samari suna rawa suna taya shi. Matan da suka zo tare su suka riƙo ta har gida.

Kafin la'asar ɗin washegari magana ta gama Affala. Ciɗo ya rantse bai taɓa ganga ba, aka ce to muryar wa aka ji? Ya ce tun Sule na da rai aka ɗauka, aka ce amma bayan ya mutu aka ji. Damina ta sauka, aka yi gayya uku ba a kira shi ba. Aka ɗauko wani makaɗi daga Tebaram wanda ko riƙon gula bai iya ba. Wannan ya ci wa Ciɗo rai fiye da rumbunsa da ya san zai kwana fayau.

Ya sai da jakinsa, ya taka da ƙafa har Tawa, ya ce wa Alhaji ya zo sayen faifan. Alhaji ya sayar masa da fara'a, har da yi masa ragi. Ciɗo ya naɗe shi cikin rawani ya kawo gida, ya tara dattawa a bakin gonar Sule, ya farfasa shi da dutse, ya haƙa rami ya binne gutsattsarin. Dattawa suka ce ya yi abin da ya kamata. Har an sa ranar da zai koma bayan manoma.

Ana saura kwana biyu wata kamiyo, babbar motar kaya, ta tsaya a bakin kasuwar Affala, direban ya sauko da garmahonsa ya aje gindin itacen bedi, ya ɗora faifai yana jiran a gama lodi. Sule na Habsatu, tashi rana ta yi. A tsakiyar garin, tsakar rana, ƙofar gidan Sule tana kallon wurin.

Ciɗo ya sake takawa Tawa, ƙafa duk ta kumbura. Alhaji bai ma gane abin da ke damunsa ba. Ya ce ai faifai ɗari biyar aka buga masa a kudu, sun tafi Ƙonni, sun tafi Sakkwato, wasu har Agadas, kuma ya aika a ƙaro. Ya ce kamata ya yi Ciɗo ya gode masa, don ya fitar da sunansa duniya.

"Naka ka saya, kuma na ba ka," in ji Alhaji. "Sauran na masu su na."

Tir da wannan ciniki. Riga ɗaya da ta riga ta koɗe, da sukarin da aka shanye tun bara waccan.

Ba a ƙara kiransa gayya ba. Ba mugunta ba ce, tsoro ne: kowane manomi yana tunanin tasa matar. Ciɗo ya koma saƙar igiya yana sayarwa, mutumin da dā ƙattai ke rige-rigen gaishe shi. Baƙi sukan sauka daga mota su tambayi gidan shahararren makaɗin nan, su roƙe shi ya buga masu na Sule da hannunsa, za su biya ko nawa ne. Korarsu yake yi da zagi. Duk da haka bai daina ba. In ya ji labarin mai faifan a wani ƙauye, sai ya tara kuɗin igiya ya je ya saya ya fasa. Ya fasa goma sha ɗaya.

Ran da ya dawo da na sha biyu, Habsatu ta tare shi a bakin rijiya. Shekara huɗu ba ta yi masa magana ba. Ta dubi ƙafafunsa, ta dubi abin da ke naɗe a hammatarsa.

"Bar wahal da kanka, Ciɗo," ta ce. "Ni na saba. Kullum kana ce mai shi tashi, ni ko kullum sai na waiwaya ƙofa."

Ta ɗauki tulunta ta wuce. Ya tsaya nan riƙe da faifan, mata suna kewaye shi suna ɗibar ruwa.