Dilan Da Bai Gudu Ba

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin dabbobi, ranar da ta ƙi barin raina ita ce ranar da muka haɗu da dila a wani burtali arewa da Gazawa. Ku da kuka shigo aikin kwanan nan nake ba labarin, don na ga kuna ƙunshe dariya duk sanda na ce kowa ya nuna mini sabulunsa kafin a fita daji. Na kuma san sunan da kuke kirana da shi a bayan idona, Malam Zargi. Ba ku kuka fara ba, kuma ban taɓa jin haushinsa ba.

A lokacin Gazawa tana ƙarƙashin Agiye. Shef ɗinmu, wato shugaban aikinmu, yana can babban ofishi da muke ce wa buro, ni kaɗai ne ma'aikaci a nan. Wajen ƙarshen damina saƙo ya zo cewa harbin daji ya shiga wata ruga. Ga wanda ba ɗan aikin ba, harbin daji ciwo ne da ke kumbura cinyar saniya ya kashe ta kafin a ankara, kuma allura ce kawai ke tsare sauran garken. Ruwan allurar ba ya son zafi, a akwatin ƙanƙara ake ɗaukarsa, wanda muke ce wa gilasiyar. Hatsi ya fi mutum tsawo, mota ba ta da hanya, moto ma, wato babur, a ƙauyen ƙarshe na bar ta don kwari ya cika. Daga nan sai ƙafa.

Mu uku ne. Akwai Baba Bawa, dattijon da ke kama mana shanu. Kakanninsa makiyaya ne daga arewa, shi a gona ya tashi, amma in ya riƙe ƙahon bijimi sai bijimin ya durƙusa. Sai Haruna, mai ɗaukar gilasiyar, magidanci mai faɗin kafaɗa, wanda ke auren Zali 'yar Baba Bawa, a lokacin tana da tsohon ciki. Tafiya da suruki da surukinsa sai mai haƙuri. Haruna ba ya cin abinci a gaban tsohon, ba ya shan ruwa sai ya juya baya, ba ya kiran sunansa. In Baba Bawa yana son ya ce masa ya yi sauri, ni zai kalla ya ce, "Likita, ka ce ma abokin tahiyarka rana na yi." Ni kuwa sai in juya in maimaita wa mutumin da ke tsaye kusa da ni. Nakan zolaye su in ce serbis, wato ma'aikatarmu, ya kamata ya ƙara mini albashin tafinta.

Kafin mu shiga burtali na maimaita musu ƙa'idar tafiya, duk da sun fi ni sanin dajin. Sanda a hannu, a riƙa buga ciyawa don maciji ya ji ya kauce. Ba a sa hannu a rami ko kogon itace. Ba a zama ƙarƙashin bishiya sai an ɗaga kai an duba ƙudan zuma. Sannan babbar ƙa'idar: naman daji yana gudun mutum, wanda duk ya tsaya yana kallonka da rana tsaka, ka zarge shi.

Rana ta take muka tsaya hutawa ƙarƙashin wata tsamiya. Haruna ya sauke gilasiyar, ya ɗau buta ya shiga bayan sabara. Ba a jima ba muka ji ciyawa ta motsa da ƙarfi, muka ji wani ɗan nishi, sai shiru. Sai ga dila ya fito fili. Bai gudu ba. Tafiya yake yana tangaɗi, bakinsa a buɗe, yawu na zuba, ya ci karo da kututture ya kama shi da cizo. Daga nan ya ɗago ya nufo mu kai tsaye. Na san abin da nake gani. Haukan kare ne, kuma dila na ɗaukarsa kamar yadda kare ke ɗauka. Baba Bawa ya tare shi da sanda, ya sauke masa a ƙeya, ya ƙara masa har ya daina motsi.

Haruna ya fito daga bayan sabara a hankali. Rawaninsa da ke kansa tun safe yanzu yana ɗaure a ƙugunsa.

"Ya taɓa ka?" na ce.

"Ba komi, Likita. Bai taɓa ni ba."

"Rawanin fa?"

"Ƙaya ta ja mini wando."

Ya faɗa yana kallon ƙasa. Baba Bawa kuwa ya juya yana kallon wani gajimare kamar an aike shi ya ƙirga shi.

Ƙa'idar aiki ita ce in an kashe dabbar da ake zargi da hauka, a yanke kan a aika labo, ɗakin gwaji. Na sa safar hannu na durƙusa. Da na buɗe bakin, sai na ga zare maƙale tsakanin haƙora, shuɗi, irin na wandon da Haruna ke sanye da shi. Na ƙulle kan cikin leda, na wanke wuƙa da hannuna, guntun sabulun da ke jakata ya ƙare a nan. Da na waiwayo don a binne sauran gawar, na lura an yanke gashin jelar, yanka mai kyau, na wuƙa. Ɗazu kuma jelar cikakkiya ce. Na san abin da ake yi da gashin, mutanenmu na ƙona shi su cusa tokar a cizon, wai shi ne magani. Wanda ba a ciza ba me zai yi da shi?

Muka ci gaba da tafiya, ni idona na kan Haruna. Mutumin da kullum yake gaba yana waƙa ƙasa-ƙasa ya koma bayan kowa. In na waiwaya sai ya gyara tafiya, in na juya sai in ji takunsa ya bambanta, ƙafa ɗaya na jan ƙasa. Na rage sauri na bar shi ya zo daidai da ni, sai na ga ƙudaje sun taru a bayan rawanin nan, ya kore su sun dawo. Na tambaye shi gashin jelar, ya ce wallahi bai taɓa ba. Ban yarda ba. A raina na ce wanda ya yi ƙarya ta farko ba zai ji nauyin ta biyu ba.

Haushi da tsoro suka haɗu mini. Na taɓa ganin wanda haukan kare ya kama, an ɗaure shi a ɗaki, ana nuna masa ruwa yana ihu. In ciwon ya bayyana babu likitan da ke tsayar da shi. Abin da ke ceton mutum shi ne a wanke cizon nan take da sabulu da ruwa mai yawa, sannan a kai shi allura. Kowane taku muke yi, lokaci ne ke tafiya. Amma na san inda cizon yake, na san a wane hali aka same shi, na kuma san in na matsa masa a gaban Baba Bawa zai rantse ya ƙara rantsewa, daga nan kuma ba zai iya janyewa ba. Na yi ta neman dalilin da zan aiki tsohon wani wuri, na rasa. Baba Bawa ba ya barin ma'aikacin serbis shi kaɗai a daji, ya sha faɗa mini cewa amana aka ba shi.

Da azahar ta yi muka tsaya gindin wani gawo. Haruna ya ce mu yi sallarmu, shi zai yi daga baya. Muna sallamewa Baba Bawa ya miƙe ya ɗau sandarsa.

"Likita, ni zan yi gaba in hwaɗa ma Ardo kuna tahe, a tara shanu."

"Kai kaɗai, Baba?"

"Ni ɗai. Ku taho sannu. Babu gaugawa ko kaɗan."

Ya tafi bai waiwayo ba. Maimakon in ji daɗi, sai zargina ya koma kansa. Tsohon da bai taɓa barina ba, yau da dila mai hauka ya fito, yau ne zai tafi? Na ce a raina ko tsoro ya kama shi, ko kuwa bai damu da mijin 'yarsa ba. Amma ban da lokacin bin wannan.

"Haruna, kwance rawanin nan."

"Likita, na ce maka ƙaya..."

"Na ga zaren wandonka a haƙorin dila."

Ya ɗaga wuya yana leƙen burtali. "Ya yi nisa?"

"Ya yi nisa."

Sai ya zube a kan gwiwa. "Likita, mi zan ce? Gaban Baba in ce dila ya kama ni a mazaunai ina tsugune? Gara in mutu."

"To mutuwar za ka yi," na ce, "kuma ba mai sauƙi ba. Zali ta haihu a gidan ubanta, ɗan ya tashi ana ce masa kunya ta kashe babansa."

Ya kwance. Haƙoran sun shiga sosai, wuri biyu, jini ya jiƙa wandon har gwiwa. Na zazzage jakata ina neman sabulu ko ɗan ɓarɓashi, na tuna ya ƙare. Ruwan butarmu ma saura kaɗan. Ina tsaye ina jin kamar in mari kaina, sai idona ya kai gindin gawon, daidai inda Baba Bawa ya yi salla. Gorarsa ce a jingine, wadda ba ta rabuwa da kafaɗarsa, cike da ruwa. A kan bakinta an ɗora wani ƙunshi na ganyen kalgo. Na buɗe. Sabulun salo ne, wanda yake wanke hannu da shi in ya taɓa saniya marar lafiya. Kusa da sabulun, an ɗaure da zare, ga gashin jelar dila.

Haruna ya kalli ƙunshin, ya rufe fuskarsa da hannu biyu. "Wayyo Allah. Baba ya sani."

Wallahi wannan ya fi cizon yi masa ciwo. Ni kuwa sai a lokacin na gane. Tsohon ya gani tun gindin tsamiya, watakila kafin ni. Kunyar da ta rufe bakin Haruna ita ta rufe nasa. Ba zai iya cewa a duba mazaunan mijin 'yarsa ba, sai ya bar maganin serbis da maganin kakanninsa wuri ɗaya, ya kawar da idonsa daga wurin.

Na wanke ciwon har gorar ta ƙare. Bai isa ba. Na buɗe gilasiyar na kwashe ƙanƙarar, na narkar da ita na ci gaba da wankewa, na san da haka ruwan allurar shanu ya lalace. Haruna ya roƙi a ƙona gashin. Na ce ya sa shi a aljihu, kyautar surukinsa ce, amma ba zai taɓa ciwon ba ina raye.

Muka juya. A ƙauyen da na bar moto muka samu amalanken jaki, ya kwanta rub da ciki har bakin titi, daga nan taksin daji zuwa Agiye. Allurar mutane sai Maradi, aka wuce da shi a ranar.

Washegari shef ya kira ni buro.

"Ka lalata ruwan allura, ka bar garke ba kariya, saboda dilan da ba a ko gwada ba?"

"E, Shef."

"In labo ta ce lafiyarsa lau fa?"

"To ka rubuta cewa na yi zargi."

Ya rubuta kuwa. Kafin a sake aiko ruwan allura in koma rugar, maruƙa sun mutu, Ardo, shugaban rugar, ya daɗe ba ya amsa gaisuwata da fara'a, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce mini Baba Bawa ya zauna wurinsu har yamma, shanu a tare, bai ce musu uffan kan abin da ya riƙe mu ba. Sakamakon labo ya iso bayan Haruna ya kusa gama allurarsa. Haukan kare ne.

Ranar da na je duba Haruna a gida, na tarar da Baba Bawa tsaye a ƙofar zaure, ya ba ɗakin baya. Ya gaishe ni, ya ɗaga murya yadda na ciki zai ji.

"Likita, yaya ƙayar da ta soki abokin tahiyarka?"

"Da sauƙi, Baba."

"Madalla. Ka ce mishi gorata na wurinshi."

Har Allah ya karɓi ran tsohon, a gidan nan ƙaya ce ta soki Haruna. Yarinyar da Zali ta haifa yanzu ta yi aure, ita ma ƙaya ta sani.

Abin da nake so ku ɗauka ke nan. A daji ku zargi dabbar da ba ta gudu ba, ku kuma zargi mutumin da ya ce ba komi. Kafin ku yi masa tambaya ta biyu, ku duba wa ke tsaye kusa da shi, ku sama wa wancan mutumin hanyar da zai tafi. Mutanenmu ba maƙaryata ba ne, amma akwai wanda zai zaɓi kabari a kan ya buɗe jikinsa gaban surukinsa, kuma sai ka san haka kafin ka iya cetonsa. Gobe da safe za mu fita burtali. Kowa ya zo da sabulunsa, zan duba.