Mai Ƙusa da Takalmin Lamba Tara

Duk wanda ya taɓa bin titin filin ƙwallo da tsinkakken takalmi ya san Mai Ƙusa. Rumfarsa na jingine da bangon shagon aski: kwano biyu a sama, benci ɗaya a ƙasa, sai akwatin kayan aiki da ya girmi yawancin masu zama a kansa. Shekara arba'in da ɗoriya yana nan yana gyaran takalma. Sunan ya samo shi ne daga ƙananan ƙusoshin da yake jerawa a leɓe in yana aiki, shi ya sa ba ya magana sai ta kama dole. Marigayiya matarsa takan ce ta auri mutumin da ya fi kowa iya sauraro, don kafin ya yi mata musu sai ya haɗiyi ƙarfe tukuna.

Karatun takarda bai dame shi ba, amma miƙa masa takalminka ka ga karatu. Zai juya shi, ya duba dunduniya, ya zura yatsa ciki, ya gaya maka kana ɗingishi tun kai ba ka sani ba. Ya taɓa gaya wa wani maigadi cewa a kishingiɗe yake gadinsa, don bayan takalmin ne ya cinye, ƙasan kuwa sabo fil. Maigadin bai sake dawowa ba.

Bencin nan an kafa shi ne don masu jiran gyara, amma tuntuni masana ƙwallo suka ƙwace shi. Shugabansu wani tsohon direban bas ne da ake kira Koci. Rabonsa da taɓa ƙwallo tun yana firamare, tumbinsa ma ya hana shi ganin ƙafarsa, amma a ba shi ƙungiya, in ji shi, mako biyu ya gyara ta. Mataimakinsa Mai Aski ne, wanda kan bar mutum da rabin kai a kan kujera ya fito da almakashi a hannu don kada a yanke hukunci ba shi.

A kakar da ake magana, ƙungiyar garin tana ta biyu daga ƙasan teburi. 'Yan baya ba laifi, gola kuwa har tausayi yake ba mutane. 'Yan gaba ne suka hana gari sakat.

"Ku ɗauki Lamba Bakwai," in ji Koci wata Litinin, bayan an tashi wasa na biyar a jere ba ci. "Gudu kamar an biyo shi da sanda. Sai ya kai bakin raga ya tuna ya baro ƙwallon a tsakiyar fili."

"Ai gara shi," in ji Mai Aski. "Lamba Goma fa? Ya yanke mutum, ya tsaya ya jira shi ya tashi, ya sake yanke shi. Mu ci muka zo gani ko rawa?"

"Yaran suna da baiwa, haɗi ne babu."

"Baiwa? Wace baiwa, ranka ya daɗe? Baiwar da ta ba mu ƙwallo goma sha ɗaya tun farkon kaka?"

Sai Koci ya gyara murya, ya saci kallon mai rumfa. "Baba, ba don surukinka ba ne, Allah ya sani ina ganin girmanka. Amma Lamba Tara ya ƙare. Jiya daga shi sai gola, ya ɗaga ta sama. Tattabarun rufin fili duk sun yi hijira."

"An ce masu jirgin sama sun kai ƙara," in ji Mai Aski. Benci ya ɗauki dariya.

Mai Ƙusa ya zaro ƙusa ɗaya daga leɓe, ya kafa, ya buga. Ko gezau.

Lamba Tara dai mijin Auta ne, 'yar Mai Ƙusa. A rumfar nan ma suka haɗu. Tun yana buga wa ƙaramar ƙungiya yake kawo takalmansa gyara, kuma abin mamaki, ba sa tashi tsinkewa sai da azahar, lokacin da Auta ke kawo wa mahaifinta abinci. Har dattijon ya sassaƙa ƙafar katako daidai tasa, don yaron ƙafa gare shi kamar faranti, ba kowane takalmi ke ɗaukarta ba. To, tun ranar da aka ɗaura aure ya daina kawowa. Wai yaya za a yi uban matarsa ya riƙe masa takalmi? In ya zo wucewa sai ya rusuna daga nesa ya gaishe shi, ya yi gaba. Shi kuma dattijon bai ce kawo ba, kada a ce yana shiga harkar gidan 'yarsa. Maza ke nan: kowa ya riƙe girmansa gam, abin da ya kamata a riƙe kuwa ya faɗi ƙasa.

Bara ƙwallo goma sha huɗu ya ci. Bana biyu.

Ranar Laraba Auta ta zo da kwanon abinci, 'yarta mai shekara uku na riƙe da gefen zanenta. Tun rasuwar uwarta ba ta taɓa fashi ba. Sauran 'ya'yan Mai Ƙusa duk sun watse garuruwa, sai dai murya a waya. Yarinyar ta haye akwati ta fara aikinta na kullum, wato zubar da maɓallai tana tsincewa. Auta kuwa ta zauna ta zuba tagumi, abin da ba halinta ba.

"Mene ne?" Mai Ƙusa ya tofar da ƙusoshin a tafin hannu.

"Baba, sun kira shi ofis. Wasa uku suka rage. Sun ce in ba su ga canji ba, ba za su sabunta masa kwantiragi ba. Akwai wata ƙungiya da ke son sa, amma tafiyar kwana biyu ce a mota." Ta sunkuyar da kai. "Na fara tara kwalayen haɗa kaya."

Ya dubi jikarsa, ya dubi kwanon. Bai ce wa zai kawo mini abinci ba, don ba abincin ne damuwarsa ba.

"Kawo mini takalminsa. Wanda yake wasa da shi."

"Baba, ka san ba zai yarda ba."

"Na ce ki tambaye shi ne?"

Washegari takalman suka iso a ƙasan jaka, kwanon abinci a kansu. Irin na zamani ne, ruwan lemo, masu siririn baki kamar kifi. Ƙungiya ce ta raba wa kowa a farkon kaka, har aka ɗauki hoto. Mai Ƙusa ya ɗauki na hagu, ya juya, ya ajiye. Ya ɗauki na dama, nan ya daɗe. Gefen babban yatsa ya kumbura kamar zai fashe. Ƙusoshin ƙasa na gefen waje sun cinye, na ciki kuwa kamar ba a taɓa taka su ba. Bisa wajen igiya, inda mai harbi na gaskiya ke dukan ƙwallo, fenti ko ƙwarzane babu. Ya zaro shimfiɗar ciki, sai ga baƙin tabo a wajen yatsa, sabo a kan tsoho.

"Da safa yake kwana?" ya tambaya.

Auta ta zaro ido. "Ya ce sanyi yake ji."

"Da zafin nan? Ke ma dai."

Ba a yi awa biyu ba sai ga Lamba Tara a guje, da silifas, ana jiransa wajen atisaye. Ya hango takalmansa a cinyar surukinsa, ya tsaya cik kamar an taka masa birki. Benci cike yake. Koci, da ya gama raba shi gida uku da baki yanzun nan, ya miƙe tsam yana washe haƙora: "A'a, gwarzonmu! Yanzu muke yabonka."

"Ku ba mu wuri," in ji Mai Ƙusa. Shekara arba'in ba a taɓa jin ya kori kowa ba, don haka suka tashi sumsum suka shige shagon aski, suka jera kunnuwa a taga.

"Zauna. Cire safar."

"Baba, don Allah…"

"Yaro, na riƙe takalmin mai kwasar shara, na riƙe na alƙali. Naka ne zai karya mini hannu? Cire."

Ya cire. Farcen babban yatsa ya shige nama, wurin ya kumbura ya yi jawur. Dattijon ya girgiza kai.

"Wata nawa?"

"Tun wasa na huɗu."

"Shi ya sa kake jan jiki baya in za ka buga. Kana ɓoye yatsa, kana ɗebo ƙwallo ta ƙasa. Ina za ta in ba sama ba? Likitanku ya gani?"

"In ya gani benci za su ajiye ni, Baba. Wanda ya zauna a benci a irin wannan lokaci, ya zauna ke nan. Takalmin kuma kowa shi yake sawa, ni kaɗai zan ce ya matse ni?"

"To, da ba ka zauna a bencin ba, me ka ci? Ka tafi yau ka nuna masa. Takalmin ka bar mini."

Ba a banza ya ajiye ƙafar katakon nan shekara huɗu a ƙasan akwati ba. Ya ciro ta, ya kaɗe ƙura. Takalmin roba ne, ba ya miƙewa kamar fata, saboda haka ya farke gefen yatsa da reza, ya yanko tattausar fata ya shigar, ya ɗora a kan katakon, ya bi da basilla da zare mai kakin zuma, ɗinki ƙanana kamar haƙoran ɓera. Kwana uku yana abu ɗaya. Fentin ruwan lemo ne ya gagara samu, sai facin ya fito ruwan ƙasa, kamar an manna wa kifi kunne.

Likita ya yanke farcen, ya kuma yi faɗan da ya dace. Lamba Tara bai buga na farko cikin wasa ukun da suka rage ba. Aka ci ƙungiya ɗaya da nema. Bencin rumfa ya yanke hukunci cewa tsoro ne ya ɓoye shi. Auta ta ƙara kwali biyu. Dattijon da kansa ya kwana biyu abinci ba ya masa daɗi, yana tunanin ko shi ne ya ƙarasa kora yaron da shawararsa.

A wasa na biyu aka sako shi bayan hutun rabin lokaci. Sau uku ya harba: ɗaya gola ya ture, ɗaya ta daki turke, ɗaya ta wuce gefe tana shafar ciyawa. Aka tashi ba ci.

"Ya bar tattabaru ya koma kan ƙadangaru," in ji Mai Aski.

Da Auta ta kawo takalmin a duba ɗinki, Mai Ƙusa ya ga fentin wajen igiya ya goge, ƙusoshin ciki sun fara cin ƙasa. Ya yi murmushi har ƙusa ɗaya ta faɗi.

"Ki dakata da kwalayen nan," ya ce.

Wasan ƙarshe ranar Asabar da la'asar aka yi, a gida. Koci ya samo wa Mai Ƙusa tikiti, dattijon ya ce a'a, yana da takalman makaranta guda shida da ya yi alkawari. Rediyo dai na kan akwati, jikarsa na gefe da maɓallanta. Bai ma bukaci rediyon ba. Saura minti goma sha biyu a tashi, sai wata ƙara ta taso daga fili, ta biyo titi, har kwanon rumfa ya amsa. Lamba Bakwai ne, don ikon Allah, ya tuna da ƙwallo ya taho da ita. Lamba Goma ya yanke mutum sau ɗaya tak ya miƙa. Lamba Tara ya sa mata ƙafar dama, ta tafi ƙasa-ƙasa ta shige kusurwa. Mai Ƙusa ya duba, ashe ya ɗinke harshen takalmin wata ɗaliba da gefensa. Ya zauna yana farkewa.

Ƙungiya ta tsira daga faɗawa ƙaramin rukuni da ratar maki ɗaya. Ba kofi aka ci ba, kuma 'yan gaban nan har gobe suna bukatar addu'a. Amma an ƙara wa Lamba Tara kwantiragin shekara guda.

Ranar Litinin benci ya cika tun da hantsi.

"Ni fa tun farko na ce yaran nan suna da baiwa," in ji Koci. "Ku tambayi kowa."

"Ni kuma na ce Lamba Tara haƙuri kawai yake so," in ji Mai Aski, wani bawan Allah na kiransa daga ciki da kumfa a rabin fuska.

Ana cikin haka sai ga Lamba Tara da kansa, buhu a kafaɗa. Ya durƙusa a gaban kowa, ya zazzage: takalma ƙafa bakwai, duk ruwan lemo.

"Baba, na abokan wasana ne. Ashe ba ni kaɗai yake matsa ba, kowa shiru ya yi. Nawa kuma ga shi, a duba na hagun."

Mai Ƙusa ya ɗauki ɗaya ya juya. "Wannan na mai gudun nan ne. Ka ce ya zo da ƙafarsa, ina da magana da shi."

Da azahar Auta ta iso da kwanon abinci a hannu ɗaya, ɗaurin kwalaye a ɗayan.

"Baba, ko kana da amfani da waɗannan? Sun cika mini ɗaki."

Ya karɓa, ya shimfiɗa ɗaya a ƙasa. Jikarsa ta zauna a kai, ta juye gwangwanin maɓallai.