Ɗan Farin Inna a Gaban Likita

Har yau in na tuna malamin asibitin nan sai in ji raina ya ɓaci. Baturen likitan ma ina jin haushinsa, amma shi baƙo ne, me ya sani? Malamin da ke yi masa tafinta kuwa ɗan ƙasar Hadejia ne, ya san mu ciki da bai.

Zamanin Turawa ne, da bazara, ruwa ya janye, Baffanmu, wato mahaifinmu, ya tafi da shanu can cikin fadamar Guri. Yayana, ɗan farin Inna, ya kwanta da ciwon kai. Kwana uku yana amai, wuyansa ya sandare, ko haske ba ya so. Kakarmu ce ta raine shi, ita ce ya kamata ta yi magana a kansa, to ta rasu. Dole Inna ta ɗora shi a kan jaki, ni ina tallafe da shi, muka nufi ɗakin shan magani, don an ce likita ya zo rangadi. Ban fi shekara goma ba.

A wurinmu Fulani, uwa ba ta nuna damuwa da ɗan fari. Ba ta haɗa ido da shi, ba ta zancensa a gaban mutane, ko da cikinta na ƙuna. Yaya ma da muka shiga sai ya cije ya zauna a kan benci, don ba zai yi raki a gaban uwarsa ba.

Malamin ya ce, "Baiwar Allah, ɗanki ne?"

Inna ta kawar da kai ta ce, "Na gidanmu ne."

"Me ke damunsa?"

"Ɗan ciwon kai ne, Malam. Da sauƙi."

Da sauƙi! Matar da tun da ya kwanta ko kurɓin fura ba ta yi ba. Na kasa haƙuri na ce, "Malam, wuyansa fa ba ya lanƙwasuwa!" Ya daka mini tsawa: "Ke, rufe mana baki, manya na magana!" Ya juya ya yi wa likita Turanci, gajere ƙwarai.

Likita ya dubi Inna, ya ga mace tana kallon bango ko a jikinta. Ya taɓa goshin Yaya, ya sa shi ya fito da harshe, ya yi rubutu. Shi ke nan, wuyan ko taɓa shi bai yi ba. Malamin ya cika mana kwalbarmu da ruwan maganin zazzaɓi, irin wanda ya zuba wa kowa a layin, ya ce cokali ɗaya sau uku. Wallahi da ya ce wa Baturen nan, "Ɗan farinta ne, ba za ta faɗa ba, tambayi yarinyar," da an gama. Ya sani sarai, a gidansu ma haka ake yi. Sauri yake layi ya ƙare kada ubangidansa ya ɓata rai.

Bayan kwana biyu Yaya ya daina gane mutane. Kawunmu ya saɓo shi muka koma, likita ya riga ya wuce. Malamin ya ɗaga kan Yaya, jikin duka ya biyo kamar itace. Sai ya zaro ido ya ce, "Sanƙarau ne! Me ya hana ku faɗa?" Ku ji mutum! Ya buɗe kabad ya ɗauko fararen ƙwayoyi, maganin ciwon. Ashe suna nan tun ranar farko, a bayan kujerar da ya zauna yana yi mini tsawa.

Yaya ya rayu, sai dai ciwon ya tafi da kunnuwansa duka biyu.

Ranar da ya fara zama a gindin tsamiya, Inna ta fito da ƙwaryar nono ta tsaya a bayansa, ba ta san ina kallo ba. Ta kira sunansa a hankali. Tun da nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ta sake kira da ƙarfi, har maƙwabciyarmu ta leƙo. Yana nan zaune yana korar ƙuda daga gwiwarsa, bai waiwayo ba.